Wayoyin da Yaya Ya Ɗaure

Laraba, daga shago

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya zaman cikin duwatsu? Mu dai lafiya lau. Gwiwar Umma ta yi sauƙi, har ta koma hawa benen maƙwabta tana kai musu labarin da ba su tambaya ba. Ta ce in gaya maka ka riƙa cin abinci, wai a hoton da ka aiko duk wuya ne ba mutum.

Ka san dai ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki biro ba. Kwamfutar shago ce. Tun makon jiya take mutuwa ba sallama. Ina cikin zanen bajon wata makaranta, sai ɗif, allo ya yi baƙi. In kunna, ta yi minti goma, ta sake. Jiya kuma na ji ƙauri daga bayanta, fankar akwatin wutar tana gurnani. Ina nufin akwatin nan da ke karɓar wuta daga bango ya rarraba wa kayan ciki, wanda ka ce kada in taɓa ko da wasa. Na kashe, na zare filogi, ban ƙara kunnawa ba.

Ba bajon ne ya tsaya mini a rai ba, in ya ɓace na sake zanawa. Zanen Baba ne. Guda talatin da ɗayan nan da ya yi yana jinya, waɗanda bai samu ya ɗora ko ɗaya a keken surfani ba har Allah Ya karɓi abinSa. Babu su a takarda, babu su a yadi, babu su ko'ina sai cikin babban faifan ajiyar nan. Shekara biyu kana cewa za ka kwafe su in ka zo hutu. Ka zo hutu sau uku, Yaya. Ni ma ba zan wanke kaina ba, duk ranar da na buɗe wurin da suke na ga sunayen da ya sa musu, sai in rufe.

Na je wurin Mai Sukudireba, mai gyaran kwamfuta na bakin kasuwa. Ya ba ni akwatunan wuta biyu, ya ce in duba in mayar da wanda ba na so. Na farko wat ɗari biyar da hamsin, wayoyinsa a manne a jiki, cunkus kamar gashin da ba a taje ba. Na biyu wat ɗari shida da hamsin, shi kuwa ba waya ko ɗaya a jikinsa, ramuka ne kawai, wayoyin suna cikin wata jaka daban, wadda kake buƙata ita za ka maƙala. Ya fi nauyi a hannu. Mutumin ya ce shi ake yayi. Ni ban san akwai yayi a harkar wuta ba.

Wanne zan ɗauka, kuma ta yaya zan gane mai kyau ne kafin in haɗa shi da kayan Baba? Ka ba direban motar kayanku amsa, ranar Asabar zai juyo. Wannan wuri naku da ko waya ba ta shiga ya ishe ni.

Ƙanwarka,
Auta

Juma'a, daga madatsar ruwa

Auta uwar gaggawa,

Amin, sallamarki ta iso da ƙurarta. Ina lafiya, wuyana ma yana gaishe da Umma. Ruwa muke sha kwana huɗu a jere, takalmina bai bushe ba tun Litinin, amma aiki yana tafiya.

Ki ɗauki na biyun. Ba don yayi ba. Tsohon namu ma irinsa ne, mai wayoyin cirewa, ke ce ba ki taɓa leƙawa ba. Gidan kwamfutar nan matsattse ne, in kika cusa mai mannannun wayoyi, rabinsu ba su da aikin yi, za su dunƙule a ƙasa su toshe iska. Kayanmu gaba ɗaya, har da katin hoto mai haska allo, ba sa cin abin da ya wuce wat ɗari uku da hamsin, don haka ɗari shida da hamsin zai yi aiki yana hutawa. Nauyi alama ce mai kyau, amma ba shaida ba ce. Ki karanta takardar da ke manne a gefensa, ki ga layin bolt goma sha biyu nawa yake iya ɗauka, ya kamata ya kusa kai duka abin da suka rubuta a kwali. Ki kuma duba garantin shekara nawa suka bayar. Kamfanin da ya yarda da kayansa ba ya rowar shekaru.

Kafin ki sa shi a ciki, ki gwada shi a waje, a kan teburin katako, ba na ƙarfe ba. Mitar auna wuta ta Baba tana aljihun tebur na ƙasa, ƙarƙashin tsofaffin allurai. Ki maƙala babbar wayar mai ramuka ashirin da huɗu. A cikin jakar za ki ga wani ɗan murfi, ki toshe shi a bakin wayar, shi zai sa akwatin ya tashi ba tare da kwamfuta ba. Sai ki auna kamar yadda Baba ya koya mana a kan injin keke. Ina son ganin goma sha biyu, biyar, da uku da ɗigo uku. In ya kauce da kaɗan ba komai, in ya kauce da yawa ki mayar masa da kayansa. Kada ki kwance sukurun akwatin kansa, ko a kashe yake yana iya cizo.

Maganar faifan Baba kuwa, ki bar shi inda yake. Yana can ƙasa cikin kejinsa, ba abin da zai same shi. Ba na son a yi ta yawo da shi a kasuwa. Wannan karon da kaina zan kwafe, na yi alkawari. Na san za ki ce kin taɓa jin haka.

Yayanki

Talata, daga shago

Yaya,

Barka da shan ruwan sama. Muna lafiya. Umma ta ce ka cusa takarda a takalmin ya kwana, ni kuma na ce ka sayi na biyu kamar sauran mutane.

Na yi duk abin da ka ce. Mita ta nuna goma sha biyu da ɗigo ɗaya, biyar cif, uku da ɗigo uku. Na bar shi a kunne awa guda na sake aunawa, bai motsa ba. Layin goma sha biyun yana ɗaukar kusan duka, garanti shekara bakwai. Amma sai da na yi abin kunya. Fankarsa ta ƙi juyawa, na rungumi akwati na nufi kasuwa da faɗana a baki. Mai Sukudireba ya bar ni na gama tas, sannan ya ce haka aka yi shi, ba ya juya fanka sai ya ɗau zafi, ya nuna mini wani maɓalli a baya. Ya danna, fanka ta tashi. Duk 'yan layin sun yi mini dariya, na dawo ina cin magani.

Yau na buɗe bayan kwamfutar. Yaya, ashe haka ka yi aiki a wurin nan? Kowace waya a miƙe, an ɗaure ta da 'yar roba, an bi da ita ta lungu, ko ɗaya ba ta hau kan 'yar'uwarta ba. Sai na tuna ranar da ka haɗa ta, ka hana kowa shiga shago tun safe, har Baba ya ce a kai maka abinci ta taga.

To ga inda na tsaya. Babbar waya da ta kusa da ƙwaƙwalwar kwamfutar, bakinsu bai shiga sabon akwatin ba, dole na yanka ɗauri kaɗan na sa sababbi, na haɗa da ta katin hoto tunda hanyarsu ɗaya. Saura biyu masu ramuka shida, waɗanda ke kai wuta ga faifan ajiya: ƙaramin da manhajoji da aikina suke ciki, da babban na Baba. Su kam na gwada bakinsu a sabon akwatin, suka shige, har da ƙas. In zan canja su, sai na warware duk ɗaurin da ka yi, don su ne a can ƙasa, komai a kansu yake.

Zan iya barinsu? Sun shiga dai. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. In tsofaffin suna yi, me ya sa kamfanin ya zuba nasa a jaka? Kuma a 'yar takardar cikin kwali akwai hoton waya da alwatika mai alamar gargaɗi a gefe, rubutun ƙanana kamar sawun tururuwa, cikin harsunan da ban sani ba.

Ban kunna ba. Shugaban makarantar nan ya zo sau biyu neman bajonsa, na biyun ko zama bai yi ba. Don Allah kada amsar ta wuce Asabar.

Auta

Alhamis, daga madatsar ruwa

Auta,

Na gaishe ku. Lafiya nake, gajiya ce kawai, mun fara zuba kankaren babban bango kuma ba a tsayawa in an fara. A tsaye nake rubutun nan.

Lambobinki sun yi kyau, akwatin nagari ne, ki riƙe shi. Labarin fanka kuwa na ajiye miki shi har ki tsufa.

Wayoyin faifai ki bar su. Abin da ya shiga ya yi ƙas ya zauna ke nan. Kamfani yana zuba wayoyi ne don wanda ba shi da su, mu muna da namu. Alwatika kuma ko a takardar dutsen guga akwai ta. Kada ki yanka mini sauran ɗaurin nan, yini guda na ɓata a kansa, in kika warware ba za ki iya mayarwa ba. Ni na haɗa kwamfutar nan tun kina sakandare, na san cikinta. Ki rage tambaya, ki kunna, ki ba mutum bajonsa.

Yayanki

Lahadi

Auta, kada ki kunna. In kin ga takardar nan kafin ki kunna, ki zare wayoyin nan biyu ki jefar. Na yi kuskure.

Ko gaishe ki ban yi ba. Ina fatan kuna lafiya.

Yau da safe na shiga ɗakin na'urori na tarar da Dogo, mai aikin lantarkinmu, yana canja akwatin wutar kwamfutar ofis. Na ga ya tattara tsofaffin wayoyin duka ya watsa a kwandon shara. Na ce masa wannan ai almubazzaranci ne, tunda suna shiga. Ya dube ni kamar na ce a sha ruwan batir. Ya ɗauko mita ya nuna mini. Bakin da ke shiga faifai iri ɗaya ne a ko'ina, amma bakin da ke shiga akwatin wuta kowane kamfani da tsarinsa. Ramuka shida ne a nan, shida a can, suna shiga, suna yin ƙas, amma ramin da wannan ya sa bolt biyar, wancan goma sha biyu ya sa. Ya ce faifan da aka ba goma sha biyu a inda yake jiran biyar, kafin ka ɗauke yatsa daga maɓalli ya tafi. Ya ce abin da alwatikar ke faɗa ke nan.

Auta, nan take na yi lissafi. Wasiƙata ta bar nan tun Juma'a, jiya ta isa hannunki.

Na je ɗakin oba-oba na roƙi mai kula da shi ya kira ofishinmu na gari, akawun can ya buga miki waya. Ya buga sau uku, ya ce tana shiga ba a ɗauka. Me ya sa ba kya ɗauka? Na nemi izinin fita, shugabanmu ya ce ba mai motsawa sai an gama bango. Wannan takardar zan ba wani safiyo mai awon ƙasa da zai fita gobe, ya ce zai biyo ta unguwarmu.

Ki sa sababbin wayoyin da suka zo a jaka, su kaɗai. Ki yanka ɗaurin duka, ki yanka, ba na so. Ki rubuto mini ko layi ɗaya.

Yayanki

Asabar, bayan mako biyu

Auta,

Sallama. Ina gaishe da Umma, ina gaishe ki, in kina amsa gaisuwata.

Direba ya zo sau biyu hannu rabbana. Na farko na ce ko kin makara. Na biyu na tsare shi a bakin ƙofa tun bai kashe mota ba, ya ce ya biya ta shago ya tarar da kwaɗo. Ke da ko zazzaɓi ba ya sa ki rufe shago. Tun ranar ba ni da sukuni. Jiya na karanta awo ɗaya sau uku ban san me na karanta ba, sai da Dogo ya karɓe takardar daga hannuna.

Na san abin da shirun nan yake nufi, ko ina jin na sani. Bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa ba. Ba mantuwa ce ta hana ni kwafe zanen nan ba. A watan Baba na ƙarshe, sau biyu yana kirana in zo in ga abin da ya zana. Na farko na ce ina sauri. Na biyu na leƙa daga bakin ƙofa na ce ya yi kyau, ban ma ga allon ba. Ya gane. Tun daga nan duk hutun da na zo, in na zauna gaban kwamfutar sai in ji ba zan iya ba, in tashi in ce miki sai wani zuwan. Na hana ki kai faifan ko'ina don ina son ya zama ni na yi. Ga abin da na yi.

Kin tambaye ni tambayar da ta dace, na ce ki rage tambaya. Wannan layin ya fi komai damuna.

In sun ƙone, ki faɗa mini kai tsaye. Kada ki lallashe ni. Shirun ne ba zan iya ba.

Yayanki

Laraba, daga shago

Yaya,

Wa alaika salam. Muna lafiya, Umma tana gaishe ka. Wasiƙunka biyu suna gabana.

Na kunna. Ranar Lahadi da hantsi, kwana uku kafin safiyonka ya iso. Na danna maɓalli, na ji tas, wani siririn hayaƙi ya fito, shago ya cika da ƙauri. Ƙaramin faifan ya tafi, da manhajojin, da bajon makaranta, da aikin wata huɗu. Dogo bai yi ƙarya ba, ko yatsa ban ɗauke ba.

Faifan Baba yana cikin jakata a lokacin, a naɗe cikin mayafi.

Na karanta wasiƙarka ta Alhamis ranar Asabar na ce to, Yaya ya fi ni sani. Na zo zan kunna, hannuna ya ƙi. Shekara nawa ina aikin nan, ban taɓa ɗora yadin mutane a kan sabuwar allura ba sai na gwada a ƙyalle. Sai na ɗauko sukudireba na kwance kejin, na ciro babban faifan, na bar ƙaramin ya zama ƙyallen. Kada ka ji haushi, amma gaskiya ita ce ranar ban yarda da kai ba. Ita ce rana ta farko a rayuwata, kuma ban ji daɗinta ba.

Wayar akawunku na gan ta. Lamba ce da ban sani ba, ni kuma ina zaune a ƙasa ina kuka, ban ɗauka ba. Shago a rufe yake don ina can wurin wata abokiyar sana'a, na ari kwamfutarta ina sake zanen bajo daga farko. An kai wa shugaban makaranta kayansa a makare, ya karɓa yana hura hanci. Rashin amsa kuwa, ba zan ɓoye ba, fushi ne. Na zauna zan rubuta maka sau uku, kowane karo sai in tarar da abin da na rubuta ba na aikawa ba ne. Ba faifan ne ya ƙona mini rai ba. Maganarka ce, wai in rage tambaya. Na karanta layin nan ya fi sau goma. Amma da wasiƙarka ta biyu ta zo, na ga na bar ka a cikin wuta fiye da yadda ka cancanta. Ka yafe mini wannan.

Na yanka ɗaurinka, arba'in da bakwai, na ƙirga don in ba ka haushi. Na sayo wani ƙaramin faifan, na sa sababbin wayoyi, na auna bakin kowace da mita kafin in maƙala ta a jikin komai. Bayan kwamfutar yanzu ba kyan gani, in ka buɗe za ka riƙe kai. Amma akwatin yana aiki shiru, kwana tara ke nan bai mutu ba ko sau ɗaya. Faifan Baba na kai shi wurin Mai Sukudireba, na zauna a gabansa ban ko ƙifta ba har ya kwafe wuri uku. Talatin da ɗaya, duk suna nan.

Shekaranjiya na buɗe na farkon, na ɗora farin yadi a keke. Reshe ne mai ganye, na wuyan riga. Gefen dama lafiya lau, irin aikinsa da ka sani. A gefen hagu, wajen ganye na huɗu, layin ya karkace ya yi rawa, inda hannunsa ya fara ƙin jin magana. Manhajar ta tambaye ni ko ta gyara. Na ce a'a. Na tsaya ina kallon allura tana bin karkacewar nan daidai yadda ya yi ta. Da na cire, Umma ta karɓa ta shafa wurin da babban yatsa, ta daɗe, sannan ta miƙo mini ta shige ciki.

Ga shi nan cikin ambulan, naka ne. Ka duba shi da kyau wannan karon, ba daga bakin ƙofa ba. Saura talatin. Ba zan taɓa na biyu ba sai ka zo ka ja kujera kusa da ni.

Ƙanwarka,
Auta